Ranar Da Motarmu Ta Dafa Miyar Kuka

Shekaru sun ja, na manta abubuwa da yawa, har sunayen wasu abokan ƙuruciya sai an tuna mini. Amma ranar da motarmu ta dafa miyar kuka a kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni, da irin shukar unguwarmu a bayanta, wannan kam da ita za a kai ni kabari.

A shekarun fari ne, damina ta uku ke nan da sama ta yi mana rowa. A garinmu Gangara mun cinye abin da ke rumbu, muka juya kan irin da aka ajiye don shuka, shi ma muka cinye. Ni a lokacin ina tuƙa wata tsohuwar a-kori-kura ta Baffa, wan mahaifina wanda ya riƙe ni. Motar ta girme ni, kuma a wajen Baffa ta fi ni daraja. Ciwonta ɗaya ne: lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji. Ya tsufa, ya huje ta ko'ina, kullum yana zuba.

Mu kuwa a wajenmu ba a kai lagireto gareji don ya yi yoyo. Garin kuka ake zuba masa. In ruwa ya yi zafi, kukar ta yi yauƙi, sai ta liƙe hujin, a samu kwana biyu. Kowane direba ya san wannan, kuma kowa yana da abin da yake ƙarawa. Wani ya ce a fasa ɗanyen ƙwai, wani ya ce barkono, wani ya ce taba gari. Duk wanda ya ba mu shawara sai Baffa ya gwada, don kada mai shawarar ya ji an raina shi. Lagireton nan ya ci abin da mu mutanen gidan ba mu samu ba a shekarar.

Inna, matar Baffa, ita ta kawo ƙarshen wannan. Rijiyar unguwa ta janye, mata suna yini a bakinta kafin su cika tulu, ni kuma kowace safiya sai na ɗura wa mota jarka biyu. Ran nan ta tsaya a bakin randa ta ce, "Wagga mota ta hi awaki goma shan ruwa, kuma ba ta ba da nono. Ko ku sake mata tukunya, ko ku ɗauke ta ku kai ta gulbi ta zauna can." Kashegari Baffa ya kama ragonsa na ƙarshe ya nufi kasuwa.

Aka samo mana lagireto na hannu daga tsallaken iyaka, mai lafiya, ko ɗigo ba ya yi. Wani dattijon bakanike a Sabon Birni ya ɗaura shi. Da ya kwance tsohon ya kife shi, abin da ya zubo sai da ya sa masu shayi na kusa suka matsa. Ya daɗe yana kallon abin kafin ya dube ni ya ce, "Mota kuka kawo ko tukunyar biki?" Ya sa sabbin tiyo, ya ɗaure, ya cika ruwa, ya tada inji ya saurara. Sannan ya kama hannuna a gaban Baffa ya ce, "Wanga lagireto lahiyatai lau. Ruwa tsantsa za ku ba shi. Kak ku sa mai komi, ko gishiri." Muka ce to, mu biyu, da murya ɗaya.

Kwana shida bayan haka ruwa ya sauka, mai yawa, irin wanda muka manta kamanninsa. Manomi ya san abin da ke biye: kwana biyu ne, in ya yi yawa uku, a binne iri kafin ƙasa ta sha iska. Mu ba mu da ko ƙwaya. Amma kawuna na Turba, cikin ƙasar Isa, ya ɓoye gero buhu uku ya hana kowa taɓawa, kuma ya yi alkawarin ranar da aka yi ruwa mu zo mu ɗauka wa unguwa. Gidaje bakwai ne suka dogara da buhunan nan, da motarmu.

Da safe ina duba ruwan mota, sai zuciyata ta fara yi mini wayo. Tafiya ce mai nauyi, in ji ta, in fa sabon nan ya fara zuba a hanya? Me bakanike ya sani game da hanyar Turba? Na leƙa madafi, na ɗebi cokali guda daga ƙwaryar kukar Inna, na zuba, na rufe. Har na ji daɗin kaina, wai ni mai hangen nesa.

Muka isa Turba lafiya, ni da Baffa. Kawu ya sa aka loda buhuna, ni kuma na shiga cikin gida gaishe da mata da shan fura. Muka juyo rana tana tsaka. Mun wuce Isa ba da nisa ba, sai na ga allurar zafi tana hawa. Na rage gudu, ta ci gaba da hawa. Can sai tururi ya turnuƙe gilashi, wani ƙamshi ya cika motar, ƙamshin da duk ɗan da aka haifa a ƙasar nan ya sani. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Da ya huce na buɗe marfin. Wani koren yauƙi ya biyo shi, mai kauri, ya yi zare har gwiwar hannuna. Daddawa da gishiri kawai ya rage. Na sunkuyar da kai na ce, "Baffa, laihina na. Na ɗan sa mai kuka da sahe, cokali guda, don rigakahi."

Baffa ya shafa gemu. Sai ya ce, "Cokali guda ba ya yin haka." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma na sa mai hannu biyu bayan sallar asuba."

Na ce, "Hannu biyu, Baffa?"

Ya ce, "Kawunka ma ya ƙara, sa'adda kake shan hura. Ni na riƙe mai marhi."

Dariya ta taso mini, na juya na ga buhunan nan uku a bayan mota, rana tana dukan ƙasa, sai dariyar ta koma. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba. Muka wanke, muka ɗura ruwan jarka, muka zuƙa da baki, a banza. Kukar ta cika aikinta, ta liƙe kowace hanyar ruwa tunda ba ta samu huji ba. Motocin da ke bin hanyar a lokacin ba su da yawa, biyun da suka wuce kuwa a cike suke har sama.

A ƙarshe wani mai jakai ne ya ɗauki irin, jakan ma ramammu, suna tafiya suna hutawa. Sai yammacin kashegari muka shiga Gangara, mutane tsaye a bakin gari da sungumi a kafaɗa. Ba wanda ya zage mu, kuma da sun zaga da ya fi mana sauƙi. Baffa ya raba irin, ya ce kowa ya fara, mu ne ƙarshe. Masu gonakin kwari sun samu damshi, shukarsu ta fito. Tamu gonar a jigawa take. Muka binne iri a ƙasar da ta riga ta bushe, ruwa bai dawo ba sai bayan mako uku, tururuwa da tsuntsaye sun gama da shi. A shekarar nan daga rumbun maƙwabta muka ci.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne cimar ranar da muka dawo. Inna ta ajiye mana tuwo a gabanmu, fari fat, ba miya. Kukar da muka yi ta ɗiba a ɓoye, ita ce ragowar da take lallaɓawa ta kai mu kaka. Baffa ya ɗaga kai ya ce, "Ina miya?"

Ta ce, "Tana cikin mota." Ta juya ta shige ɗaki.

Muka ci tuwon haka nan, da ruwa, ba wanda ya dubi wani.

Tun daga ranar na gane cewa dabarar da ta rufa maka asiri lokacin da abu ya lalace, ita za ta kashe shi in ka ɗora masa bayan ya gyaru. Kuma in wanda ya san aiki ya ce kada ka sa komai, ka riƙe hannunka, ka kuma tambayi na kusa da kai ko shi ya riƙe nasa. Har yau in aka kawo mini tuwo da miyar kuka ina ci, amma sai na tuna motar nan kafin in sa hannu.