Matar da Ta Kwance Mini Harshe

Shekara uku ke nan da rasuwar kakata Hajja Dudu, mai bandar kifi a unguwar Hausawa ta New Bell, cikin birnin Douala. Wanda ya san ni yau ba zai yarda ba, amma ni Sadiku, da malamai ke kora daga aji saboda surutu, yaro ne da in'ina ta taɓa ɗaurewa tamau. In an aike ni sayen burodi, kafin in gama cewa "bu" mai shago ya rufe, ya tafi Garwa ya yi aure, ya dawo da 'ya'ya biyu. Yaran layinmu Janareto suke kirana.

Hajja ba ta ba ni ko saiwa ɗaya ba. In ta dawo daga kasuwar masunta ta Youpwé da kwandon kifi, sai ta zaunar da ni gefen murhu, ta ɗora tafin hannuna a kan cikina.

"Angona, wa ya biyo ka? Ja numfashi har hannun nan ya ɗaga. Sake shi a hankali, ka ce Ya Laɗifu. Maimaita. Kar ka ƙirga, ba kasuwa muke ba."

Haka za mu yi ta faɗa tare, hayaƙi na cin idona, babura na ihu a titi. In hankalina ya tafi wajen ƙwallo ba ta faɗa, sai ta ce in dawo da shi kamar yadda ake dawo da ɗan akuya, ba duka. Sannu ba ta hana zuwa. Can sai in ji ƙirjina ya saki, ta tambaye ni labarin makaranta, maganar ta fito sumul. Da bakina ya buɗe sosai, ita da kanta ta ce ta yi nadama, wai ta roƙi yayyafi an ba ta ruwan Douala.

Bana wata malamarmu ta fara kunna mana waya kafin jarrabawa: ƙarar teku, da muryar wata mace tana cewa "Respirez", wato a ja numfashi. Kowa ya rufe ido. Na yi ta tunanin me Hajja za ta ce. Na san sai ta tambaya ko ita matar cikin wayar ta san sunanmu. Amma ba za ta raina ba, domin takan ce numfashi baƙo ne daga Allah, a karɓe shi da ladabi. Na fara dariya ni kaɗai, sai ga hawaye a kan takardata.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar da aka ɗauke ta, in'inar tana dawowa a wuri ɗaya tak: in zan ambace ta. Ina iya zuba zance daga nan har unguwar PK 14 can bakin gari, amma "Hajja" ya tsaya mini a wuya. Zikirin ma na bar shi, don muryar biyu na saba ji, tawa kaɗai ba ta isa. Ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo.

Juma'ar da ta wuce aka taru yi mata addu'a a gida. Kawu Bello, ƙanin babana, ya dube ni ya ce, "Kai mai baki, faɗi wani abu a kan uwarmu." Na miƙe, harshe ya ƙi. Na sunkuyar da kai na koma zikirin, ni kaɗai, har sai da ƙirjina ya saki. Sunanta ya fito a karye, gida uku, amma ya fito, kuma na kai addu'ar ƙarshe.

Murhunta an rushe shi, ɗakinta wani ɗan kasuwa daga Kano ke haya. Abin da ya rage shi ne ɗan shirun da nake yi kafin in buɗe baki, kuma a nan nake samunta. Allah ya jiƙan Hajja, ya yi mata sauƙi kamar yadda ta yi mini.