Kofur da Kwanon Ruwa

Wata Lahadi ce a cikin daminar 1972, shekarar da aka sauya hannun tuƙi. Mun taso daga coci da takalma a hannu saboda taɓo, muka tsallake layin dogo muka shiga gidanmu da ke gefen garin Kafanchan. Karenmu Kofur yana kwance a gindin mangwaro, bai fito taryarmu ba. Ƙanena Yakubu, wanda bai daɗe da iya gudu ba, ya ruga ya rungume shi a wuya kamar yadda ya saba. Sai muka ji wani irin gurnani da ba mu taɓa ji a gidan ba. Kafin Mama ta jefar da jakarta ta fizge yaron, haƙorin Kofur ya riga ya yaga hannun rigarsa. Ko ƙwarzane babu a jikin Yakubu, amma daga wannan rana kowa a gidan ya fara kallon karen da wani ido, ban da ni.

Kawu Bulus, ƙanen Mama, shi ya kawo shi daga Fadan Kaje yana ɗan kwikwiyo, bayan ya dawo daga yaƙi. Shi ya raɗa masa suna, wai tunda shi bai samu igiyar kofur ba a soja, to karensa ya samu. Ya ɗaura masa wata faffaɗar fatar akuya a wuya da 'yar ƙararrawa, don a riƙa jin inda yake idan sun shiga ciyawa farauta. Amma a gaskiya kare nawa ne. Ni ke kankare masa ƙanzon tuwon masara, ni ke cire masa kaska da rana bayan makaranta, yana miƙe ƙafafu kamar wani mai gida. Idan zan je rafi ɗiban ruwa yana gaba, idan muka je itace yana baya, idan muna 'yar gala-gala a ƙofar gida sai ya zo ya kwanta a tsakiyar zanen, 'yan mata su yi ta zaginsa. Na sha jan kunnensa, Yakubu ya sha hawa bayansa, bai taɓa nuna wa wani haƙori ba.

Cikin kwanakin da suka biyo baya sai ya koma ƙarƙashin rumbu. Ko inuwar hannu ta gifta kansa sai ya yi gurnani. Ya bar ƙanzo a kwano kaji suna ci, yana tafiya da kai a sandare, yawu na ɗiga, har ƙararrawar ma ta daina ƙara. Nan fa kowa ya zama likitan karnuka. Kaka ta ce hannun mutum ne, don akwai wanda muka yi rigimar iyakar gona da shi. Matan zumuntar coci da suka zo gaishe da Mama suka ce sun san wani kare a unguwarsu da ya fara haka, ashe hauka ne, yaron da ya ciza bai kai ƙarshen wata ba. Baba malamin firamare ne, mutum mai haƙuri da bin abu a hankali, amma da ya ji wannan labari na ga ya daɗe yana duban Yakubu. Duk cikinsu babu wanda ya tsuguna ya kalli karen. Daga nesa suke yanke masa hukunci, suna riƙe da sanda.

Ni kuwa na ga wani abu. Wata rana da yamma ruwa ya ɗauke, sauran yana tsiyaya daga bakin kwanon rufin ɗakin girki, sai ga Kofur ya fito a hankali ya tsaya a ƙarƙashi, ya buɗe baki yana lasar ruwan a sama, bai sunkuya ba. Sha yake kamar wanda ya kwana biyu bai ga ruwa ba. Na ruga na faɗa wa Mama tana tankaɗe, ta ce in matsa kada in zubar mata da gari. Na faɗa wa Kawu, ya yi dariya ya ce idona ne ke son karen. Na tari Baba yana jingine kekensa, na ce masa karen ba ya tsoron ruwa, wuyansa ne ba ya lanƙwasuwa. Kaka ce ta amsa daga kan tabarmarta, da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji: "Rifkatu, ka rufe baki. Manya na magana."

A wancan lokaci akwai gwajin da kowa ya yarda da shi. A ajiye wa kare ruwa a gabansa: idan ya sha, lafiyarsa ƙalau, idan ya ƙi, hauka ne, sai a kawar da shi kafin ya ciji wani. Ranar Asabar da safe Baba ya ce a yi hakan a gaban kowa, don kada a zalunci dabba. Maƙwabta suka taru a bakin danga. Aka cika tsohon kwanon sha, aka tura shi da gora har bakin rumbu, a ƙasa. Kofur ya fito yana kallon ruwan, ya matso, ya fara sunkuyar da kai, sai ya yi wata 'yar ƙara ya ja da baya. Ya sake gwadawa, ya sake ja da baya. Na ce a ɗora kwanon a kan turmi. Na faɗa da Hausa, na faɗa da yarenmu, na faɗa ina kuka. Na yunƙura zan ɗaga da kaina, Mama ta riƙe ni gam a ƙirjinta.

"An gani," in ji Baba, ya juya ya shiga ɗaki.

Kawu da wasu samari biyu suka jefa wa Kofur buhu suka nufi bayan rafi da shi. Ni aka aike ni cire ciyawa a gonar gyaɗa don kada in ji komai. Ban cire ko ɗaya ba. Da na dawo da rana, na tarar da Kawu zaune a kan turmin nan, gidan shiru. Ashe bayan sun gama ya ce bari ya kwance ƙararrawar ya kawo mini. Da ya yanke fatar akuyar, sai ga siririyar waya a ƙarƙashinta, ta zagaye wuyan, ta nutse cikin nama har wurin ya yi ruwa. Wayar birkin keke ce, irin wadda ake ɗana tarko da ita saboda zomaye da gada masu cin ganyen wake. Kofur ya faɗa tarko ya tsinke shi da ƙarfi ya dawo gida da zoben a wuya, fatar ta rufe shi. Kawu bai buƙaci tambayar kowa ba, don ya gane ƙullin. Nasa ne, a gonarmu ya ɗana.

Baba ya karɓi wayar ya jujjuya ta a hannu. Na tsaya a gabansa ina jiran ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Sai ya ɗauki adda ya tafi gona, ya bi kunya kunya ya tuge duk tarkon da ke ciki, ya dawo ya zuba su a masai. Washegari a coci ya zauna bai buɗe littafin waƙa ba. Na girma na gane cewa tsoro ne ya sa shi yanke hukuncin, mutumin da ke da ƙaramin yaro a gida ba ya wasa da maganar haukan kare, kuma da haukan ne da gaske, da ni ce zan fara shan cizo. Na gane duk wannan, amma ganewar ba ta rage mini haushi ba. Ɗaga kwano ne kawai, turmin yana nan a gefe.

Yanzu ina zaune a Sabon Tasha, gidan siminti ne, ba rumbu ba mangwaro. Akwai likitan dabbobi a bakin titi, akwai allura, ba wanda ke tara maƙwabta a kan kwanon ruwa. Jikokina suna da kare, kuma sun san dokata: ranar da ya ƙi a taɓa shi, ba a dukansa, ba a rungumarsa, sai a tsuguna daga nesa a duba inda yake karewa, a kai shi a gani. Suna yi mini dariya don a kan bulo nake ɗora masa ruwa. Ƙararrawar Kofur tana cikin akwatina, tsatsa ta cinye ta, ba ta ƙara. Idan ƙaramar cikinsu ta ja zanena ta ce ta ga wani abu, ko tuwo nake tuƙawa sai in sauke in bi ta.