Alluran da Mai Wuta Ya Bar wa Goggo

Goggona tela ce, amma masu kawo mata ɗinki yanzu ba sa ciniki, ba sa dawowa su ce wuya ya matse, kuma ba wadda ta taɓa yin ƙiba bayan an auna ta. 'Yan tsana take yi wa kaya. Takan ce da ta san haka suke da sauƙin kai, da tuntuni ta sallami mutane.

Wurin mahaifiyarta ta koya, wato kakata, wadda ba ta yarda yarinya ta taɓa yadin mutane sai ta fara yi wa 'yar tsana riga mai hannu da aljihu da kalmasa, an juya cikinta an duba ba a ga zare yana leƙe ba. Dokarta ta biyu ita ce ba a ajiye riga rabi da rabi. Ko ta mutum ce ko ta tsana, in ka sa almakashi sai ka gama.

Da wannan horon Goggo ta buɗe ɗan shago a bakin titi, ta taka keken ɗinki har 'ya'yanta suka girma. Daga baya yanar ido ta rufe mata gani. Aka yi aiki, ɗaya ya ɗan washe, ɗayan ya ce shi ya yi ritaya. Keken ya dawo gida aka lulluɓe shi da zane, ya zama teburin ajiye magani da rediyo. Ita kuma ta koma inda ta faro: allurar hannu, buhun ƙyallaye, da layin jikoki da 'ya'yan maƙwabta, kowacce rungume da tsanarta tsirara.

Ba ta sayen yadi. Da tsofaffin kayan dangi take ɗinki, don haka in ka manta riga a gidanta, ka yi mata addu'a kawai. Ni da kaina na ga rigar da na je neman aiki da ita a jikin wata tsana mai ido ɗaya, kuma ba zan ɓoye ba, ta fi ni kyau a ciki.

Yatsunta sun san hanya ko ba ido. Abu ɗaya ne ya gagare su, zura zare a kafar allura. Nan mijinta ya shigo sana'ar.

Baba Mai Wuta muke ce masa, don aikin lantarki ya yi, yana hawa turakun wuta har ƙarfinsa ya ƙare. Yatsunsa kamar ayaba, amma idonsa na hango tururuwa a ƙarshen tsakar gida. Kullum bayan karin kumallo sai ya zauna bakin taga, ya lashi bakin zare, ya kanne ido ɗaya, ya zura wa allurai zare ya soke su a wani ɗan matashi da Goggo ta ɗinka don haka. Yana yi yana mita.

"Ni da na haɗa wa rabin garin nan wuta, yau ni ne yaron shago."

"Yaron shago ma ana korarsa in ya cika surutu," in ji Goggo. "Sa mini baƙi."

Kowace safiya kuma sai ya sa guda ɗaya da zare ruwan goro. Goggo ba ta ƙaunar launin nan ko kaɗan. In an tambaye ta sai ta ce launi ne marar kunya. Gaskiyar ita ce launin rigar aikinsa ke nan. Shekara da shekaru tana leƙowa daga ƙofar shago ta hango ɗigon ruwan goro can saman turke, ba za ta saki jiki ba sai ta ji ƙarar babur ɗinsa da yamma. Ba ta taɓa faɗa masa ba, shi ma bai taɓa nuna ya sani ba. Ita dai takan zare zaren ta yar, shi kuma gobe ya sake sawa. Haka suke hirarsu.

Da ciwo ya ci ƙarfinsa aka ce sai an kwantar da shi a asibiti, ya aiki 'yarsu Auta ta sayo allurai, ya tattaro na gida ya haɗa. Mota na jira a waje, shi yana bakin taga yana lasar zare. Sai da matashin nan ya koma kamar bushiya sannan ya miƙe.

"Ki riƙa lallaɓa su," ya ce. "Kafin su ƙare na dawo."

Bai dawo ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, Goggo ta koma ɗinki, amma aikin ya juye. Da ƙyalle take zaɓa, a sa mata zaren da ya dace. Yanzu allura take zarowa, ta kai ta dab da idon da ke gani, in kore ya sa mata sai ta shiga buhu neman kore. Wata jika ta roƙi riga ja ta samu shuɗiya, aka ce mata haka kakanta ya ga dama.

Auta nas ce. Tana iya gano jijiya a hannun jariri, amma ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa, tun tana yarinya ta tsere wa allurar gida ta faɗa ta asibiti. Ita ta fara lura matashin yana yin sanƙo. Ta sayo wata 'yar waya da ake zura zare da ita, ta kawo.

"Inna, ko ba ido za ki iya da wannan."

"Mayar asibitinku."

Na ce to ni zan riƙa biyowa ina sa mata.

"Kai da sai ka miƙa waya can nesa kafin ka karanta saƙo?" Ta yi 'yar dariya, sannan ta ɗaure fuska. "Ba mai sa mini zare. Ranar da suka ƙare, na gama."

Ba wanda ya ɗauki maganar da wasa. Mun riga mun ga yadda take a ranar da ba ta ɗinki: ba ta tashi daga gado, ba ta buɗe taga, abinci ya huce a rufe, fuskarta na kallon bango. Allura ce ke fito da ita tsakar gida.

Ta yi ta tattali. Guntun zaren da ko kaza ba za ta kalla ba, sai ta samu inda ta soka shi. Duk da haka baƙi ya ƙare, fari ya bi shi, kore da shuɗi suka tafi. Abin da ya rage a matashin 'yan allurai ne tsiraru, dukkansu ruwan goro. Mutumin nan har a ranar tafiyarsa bai fasa tsokana ba.

Goggo ta kwana biyu ba ta taɓa su ba. Ran nan na shiga gaishe ta da hantsi, ko amsawa ba ta gama yi ba ta ce in sauko mata da akwatin da ke saman kabad. Na sauko da shi ina nishi. Can ƙasan kaya sai ga rigar aikin Baba, irin mai haɗe da wando, a ninke, gwiwoyin sun koɗe.

"Ashe ba ki yar da ita ba," na ce.

"In na yar wa zai ɗauka? Miƙo almakashi."

Ta ɗauko wata tsohuwar tsana ta tsumma da kakata ta yi mata, wadda gashinta ya zube tun kafin a haife ni. Ta ce daman sanƙonsu iri ɗaya da Baba. Ta auna ta da yatsa, ta yanka daga bayan rigar inda launin bai mutu ba. Kwana da kwanaki tana kai. Ta yi wando, ta yi ɗan aljihun ƙirji inda yake soke abin gwada wuta, ta yi kwala, ta haɗa hannun dama. Tana ƙulle shi zaren allurar ƙarshe ya ƙare.

Da yamma na same ta zaune a bakin taga, tsana a cinya, hannun hagu na rigar a yanke kusa da ita, matashi ba ko allura ɗaya mai zare. Ina neman abin da zan ce, abin da bai saba yi mini wuya ba, sai Auta ta shigo daga aiki, ko fararen kayanta ba ta cire ba. Ta dubi tsanar, ta dubi uwarta, ta zauna a ƙasa.

"Ni dai na tuna wata mata," ta ce, "da ta hana ni fita wasa yini guda saboda rigar tsana mai hannu ɗaya. Wai uwarta ta ce ba a ajiye riga rabi da rabi."

"Matar nan ta tsufa."

"Dokar ma ta tsufa?"

Goggo ta daɗe tana shafa ɗan aljihun nan da babban yatsa. Can ta lalubo allurar da ta gama da ita, ta miƙa ba tare da ta kalli kowa ba.

"Zaren yana cikin gwangwaninsa, bayan rediyo."

Auta ta ɗauko. Ta kai zare, ya lanƙwashe. Ta sake kaiwa, ya wuce ta gefe.

"Kin iya huda bayin Allah, amma kafar allura ta gagare ki. Lashi bakin zaren. Haka yake yi."

Auta ta lasa, ta kanne ido ɗaya, kuma a wannan kannewar kamar an tsaga kara ita da ubanta. Goggo ba ta gani ba, ni ne na juya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Zare ya shiga.

Kafin rana ta faɗi hannun hagu ya hau. Goggo ta juya cikin rigar ta ba Auta ta duba ko zare na leƙe, sannan ta tura mata matashin da gwangwanin gaba ɗaya.

"Gobe kafin ki fita, baƙi da fari da shuɗi. Akwai yarinyar da ke bi na riga ja ma."

"Ruwan goro fa, Inna?"

"Kada ki kuskura."

Washegari na biya da hantsi. Taga a buɗe, Goggo na cikin buhun ƙyallaye har gwiwar hannu tana faɗan an hargitsa mata kaya. A matashin akwai baƙi da fari da shuɗi da ja, can gefe kuma guda ɗaya ruwan goro. Ba ta zare shi ba.