Bahon Wanka a Tsakiyar Ɗaki

Lokacin da na fara fita fatauci ba a zaɓen masauki. In ka sauka Kumasi ko Kwatano, sai ka nemi gidan mai saukar mutanen garinku, ya nuna maka kusurwa a ɗakin baƙi, ka shimfiɗa tabarmarka. Inda banɗaki yake ma ba ka tambaya, sai dai ka sa ido ka ga inda mai buta ya nufa. Yanzu kuwa mutum yana zaune a wata nahiya yana leƙa ɗakin da zai kwana a wata, har labule da tawul sai ya gani kafin ya ce ya yarda. Na daɗe ina ganin wannan sauƙi ne aka samu, har zuwa shekarar da aka fara turo mini hotunan wuraren wanka.

Ina Guangzhou a lokacin, na zo saro takalma kamar yadda na saba. 'Yata ta fari tana aure a wani tsohon birni a Ingila, inda ruwan zafi yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa, wanda aka ce tun zamanin Rumawa ake zuwa wanka cikinsa don neman lafiya. Ta haifi ɗa namiji, an yi mini takwara, ta roƙa in na gama sayayya in wuce can in gan shi kafin in koma Kano. Gidanta ba wurin kwanana ba ne. Uba ba ya kwana ƙarƙashin rufin surukinsa, ita ma ta san haka ba sai an faɗa ba. Don haka maganar ta koma kan otal, ta ce ita za ta nemo, ni in zaɓa.

Sai an san yadda muke da ita za a gane nauyin wannan. 'Yar fari ce, kuma sunan mahaifiyata gare ta, ban taɓa kiran sunanta da bakina ba. Uwata nake ce mata. Tun tana ƙarama hirarmu ba ta wuce gaisuwa da sa albarka. In tana son wani abu ta gaya wa mahaifiyarta, in ina da faɗa ko yabo ta nan zai bi. Haka na ga ubana ya yi da yayanmu, ban taɓa jin abin ya dame ni ba. Da mahaifiyarta ta rasu sai muka wayi gari babu mai kai saƙo tsakaninmu. Wannan gayyata ita ce abu na farko da ta taɓa nema a wurina baki da baki.

Hoton farko ya iso ina ofishin mai yi mana lodin kwantena a Tianxiu. Gida ne na dutse mai launin ɓawon burodi, dogo siriri, a jere da 'yan'uwansa kamar an tsaga su daga abu ɗaya. Ɗakin da ta zaɓa yana can ƙololuwa, tagarsa tana kallon rufin garin. Ta rubuta cewa tsohon gini ne, hukuma ba ta yarda a taɓa shi ba, don haka babu lifta, amma matakalar tana da kyau. A tsakiyar ɗakin, kusa da gado, ga baho fari mai zurfi tsaye a kan ƙafafu irin na zaki. Ta ce, “Baba, wannan saboda gwiwarka. Ruwan zafi kullum.”

Na kife wayar a kan tebur.

Abin da ba ta sani ba shi ne, makonni kaɗan kafin nan, a wannan tafiyar, na shiga baho a masaukina na Xiaobei. Da safe ne, gwiwoyina sun kwana suna zugi saboda yawon kasuwa, na ce bari in gasa su kafin in fita. Na ji daɗin ruwan ƙwarai. Da na zo tashi sai ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Na dafa gefe, santsi. Na zare toshiyar ruwa ya tsiyaye, na sake gwadawa, na koma na zauna. Na yi ta juyi kamar kifi a tire har jikina ya yi sanyi na fara karkarwa. Allah ya taimake ni wayata tana kan murfin masai, inda hannuna zai kai. Na daɗe ina kallonta kafin in kira.

Wanda na kira abokina ne, mutumin Maraɗi, da muka yi shekara da shekaru muna haɗuwa a kasuwannin duniya, ɗakinsa na kusa da nawa. Ya karɓo makulli a ƙasa, na ji shi a bakin ƙofa yana ce wa ma'aikacin otal da guntun Sinancinsa, lawban, wato maigida, tsaya nan, kada ka shigo. Ya shigo yana kallon silin, ya jefa mini tawul, ya sa hannuwansa a hammatata ya ce bismillah, ya ɗago ni kamar buhun gero. Ranar bai ce mini komai ba. Mutumin da ba ya barin ƙuda ya wuce bai tsokane shi ba ya yi shiru, shirun nan ya fi mini ciwo.

To yanzu yaya zan kwatanta wa 'yar fari wannan? Tsiraicina ne a ciki. Na yi ciniki da Larabci a Jidda, na yi rigima da Faransanci a tashar jirgin ruwa ta Lome, Sinanci ma ina iya cewa ya yi tsada, rage. Amma ban san da wane baki zan ce wa Uwata ubanki ya kasa fita daga baho tsirara ba.

Sai na rubuta mata cewa wurin ya yi nisa da inda ake sayar da abincin halal.

Ba ta yi musu ba. Washegari ta turo wani, babba, mai wurin ninkaya na ruwan zafi a ƙasa, mutane na yawo da fararen riguna na tawul kamar mahajjata. Ɗakin shi ma da baho, wannan karon har da matakala biyu kafin a hau shi. Na ce na ga kamar ana sayar da giya a harabar. Ni da na kwana a saman mashaya a Bankok ban fasa sallata ba. Ta turo na uku, na ce tsohon gini irin wannan sanyi gare shi, kuma ba a san abin da ya riga mutum zama a ciki ba. Kowane otal a garin nasu, da baho yake alfahari. Na ga wuraren wanka a Istambul, na shiga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki ina saurayi, a wajen Guangzhou ma akwai inda Sinawa suke zuwa jiƙa jikinsu, amma ban taɓa ganin garin da ake saka baho kusa da matashin kai ba.

Abokina yana gefe duk wannan abin. Wata rana muna cin shinkafa da naman rago a wani shagon Musulmin China, ya karɓi wayar ya duba hotunan, ya yi ta gyaɗa kai.

“Bakano, wannan ai aljanna ce. Mi ya hana ka?”

“Sanyi.”

“Sanyi? Na jiya ka ce giya. Na shekaranjiya ka ce nama. Gobe mi za ka ce, aljannu?”

“Na riga na faɗi wannan.”

Ya yi dariya har ya ƙware, mai shagon ya kawo masa ruwa. Da ya lafa ya ce, “Ku Kanawa kun iya ciniki, amma wannan ƙaryar taku ba ta da inganci, ko a kasuwar jabu ta Zhanxi ba a sayar da irinta. Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni da ba ka haifa ba na gani, ban mutu ba.”

“Rufe mini baki. Kai ba ka san 'yar fari ba ne?”

“Ina da tawa. Ita ke yanke mini farcen ƙafa. In kana so in bi ka Ingila in riƙa ɗago ka, sai ka yi mini biza.”

Na ce masa Allah ya shirye shi, muka tashi. A raina ina ganin zan ci gaba da ja har ta gaji ta kawo wanda ba shi da baho da kanta, ba tare da na ce komai ba. Ban yi tunanin yadda abin yake sauka a wajenta ba.

Kwana biyu ba ta turo komai ba. A rana ta uku ina wani shago a titin Zhanxi, ina juya takalmin makaranta a hannu, yarinyar shagon tana ce mini meyo, wato babu baƙi sai ruwan ƙasa, saƙon murya ya shigo. Na kara a kunne cikin hayaniyar masu ɗaure kwali. Muryarta a kwance take, da ladabi, kamar mai karanta abin da ta daɗe tana shiryawa. Ta ce ta gane hidimomi sun yi mini yawa. Ta ce kada in takura kaina, in yaron ya yi ƙwari za su kawo shi Kano wata shekara. Ta ce ta san ita ba ta iya magana da ni ba kamar yadda marigayiya Umma take yi, in ta yi kuskure a yadda ta nema in yafe mata. Daga can bayanta ina jin kukan jariri.

Na ajiye takalmin. Wata kunya ta rufe ni wadda ta danne ta bahon. Yarinyar nan ta tattaro ƙarfin halinta ta miƙo hannu karo na farko, ni kuma ina ta ture shi, har ta ɗauka laifin nata ne. Na san halinta, don halina ne. In ta janye wannan karon ba za ta sake nema ba, sai mu koma gaisuwar sallah har ƙasa ta rufe ido.

Na fita na sami wani benci a bakin matakalar kasuwa, kusa da masu turin kaya da suke shan taba. La'asar ta yi a nan, can safiya ce. Na kira, ba na bidiyo ba. Muka gaisa, na tambayi mai gidan, na tambayi takwara. Na buɗe baki da Hausa, maganar ta ƙi fita. Sai na juya Turanci, na faɗa mata kamar yadda ake gaya wa likitan da ba a sani ba: cewa na shiga baho na kasa fita, cewa sai da aka ɗago ni, cewa bene mai tsawo ma yanzu sai na huta a hanya. Ina magana ina kallon takalmina.

Ta bari na gama. Sannan ta amsa da Hausa.

“Sannu, Baba. Ka bugu a kai?”

“A'a.”

“Wa ya ɗago ka?”

“Mutumin Maraɗin nan.”

“Allah ya saka masa. Ya daɗe kafin ya zo?”

“Ni na daɗe kafin in kira.”

Na ji ta ja numfashi. “Baba, ni na zaci ba ka son zuwa ne.”

“Ina so, Uwata.”

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, kuma ban taɓa faɗa mata ko kwatankwacinsa ba.

Kafin magariba ta turo hotuna biyu. Ɗaya tsohon gida ne mai kyau da ɗaki a ƙasa, amma shawarsa a cikin baho take, sai an ɗaga ƙafa. Ɗayan sabon gini ne kusa da tashar jirgin ƙasa, ba shi da wani fasali, irinsa na kwana a ciki a garuruwa da yawa ban riƙe ko ɗaya ba. Ɗakin yana da faɗi, wurin wankan daidai yake da daɓe, da kujera maƙale a bango, da ƙarfen kamawa a gefen masai, da wata jar igiya da ake ja in mutum ya faɗi. A jikin ƙofar akwai hoton mutum a keken guragu. Ba ta ce komai a kan hoton ba. Ta rubuta, “Wanne, Baba?”

Na nuna wa abokina. Ya duba, ya ce, “Jar igiyar nan ta ƙwace mini aiki.” Na daɗe ina kallon alamar da ke jikin ƙofar. Ban taɓa ɗaukar kaina cikin waɗanda aka yi wa irin wannan ɗaki ba. Na sha wuce shi a otal-otal ina tausayin mai shi. Na rubuta mata: na biyun.

Na je. Garin yana da kyau kamar yadda ta faɗa, tudu da gangare ne, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Na ga inda Rumawan suka yi wankansu, ruwan kore yana tururi, na tsaya daga bayan ƙarfe na kalla. A kan hanyar komowa akwai wata gangara mai santsi, ta riƙe mini gwiwar hannu a gaban mijinta. Na kau da kai, amma ban janye hannun ba. Takwara kuwa ya yi mini fitsari a babbar riga ranar farko, uban ya rasa inda zai sa kansa.

Tun daga wannan tafiya, duk otal ɗin da zan sauka sai na faɗi halin ƙafata kafin a ba ni makulli, ko da mutane a bayana suna ji. Har yanzu ba na kiran sunanta, kuma ba zan kira ba. Amma ita ce take tambayata lafiyar jikina yanzu, kai tsaye, ni kuma ina gaya mata gaskiya.