Hatsin Manoma a Bokitin Fenti

Wasu shekaru can baya na shafe kusan wata guda ina hawa duwatsun Dutse ina neman fure. E, fure na ce. Ni ɗin nan da kuka sani, wanda in ya hau bene a ofis sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana duba waya.

Mahaifiyata ce silar abin. A lokacin tana zaune a gidan marigayi mahaifinmu a Ringim, ita da awakinta, maƙwabta suna leƙa ta safe da yamma. Ni ne auta, ina aiki a Dutse. Yayana, wanda shi ne ɗanta na fari, yana Kano da iyalinsa.

An yi ruwan fari a shekarar, ƙasa ta yi sanyi bayan zafin bazara, sai muka haɗu a gida ni da Yaya. Inna na zaune a tabarma tana tsintar wake. Can ta ɗaga kai ta shaƙi iska ta ce, "Yanzu haka hatsin manoma ya fito a dutsen garinmu. Fari tas, ƙamshinsa ya cika ko'ina."

Yaya ya dube ni. A lokacin ko iri ba a fitar daga rumbu ba.

"Inna, wane hatsi kuma? Ai ba a yi shuka ba tukuna," in ji shi.

"Shi ba a shuka shi," ta ce, idonta na kan waken.

"Gero ne ko dawa?"

"Ba a cin sa."

Da muka fito zaure ya riƙe mini hannu. "Ka ji da kunnenka ko? Hatsi a kan dutse, ba a shuka shi, ba a cin sa, kuma yana ƙamshi. Kwanaki ma an ce ta manta tukunya a wuta. Inna ta fara ruɗewa." Ya ce ƙarshen wata zai zo da mota, a sayar da awaki, a kulle gida, a mayar da ita Kano. Na ce ai sai a ji ta bakinta. Ya ce wanda ya kai wannan hali ba a tambayarsa, yi masa kawai ake yi.

Kada ku ɗauki Yaya mugu. Tsoro ne ya kama shi, kuma yana son ta fiye da yadda yake iya nunawa. Matsalar ita ce Inna irin matan zamanin da ce masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗar sunansa, ba ta kallon idonsa, balle ta tsaya yi masa bayani. Ko magana za ta yi masa sai ta bi ta kaina, ko da yana zaune a gabanta. Shirun da take yi don alkunya, shi ya ɗauke shi alamar ciwo.

Na koma ciki ni kaɗai na tambaye ta. Ta harare ni ta ce, "Fure ne mana, Auta. Kai ma ka bi sahunsa?" Na fito da murna na gaya wa Yaya. Ya je majalisar ƙofar gida ya tambaya, babu wanda ya taɓa jin fure mai wannan suna. Ya dawo ya ce, "Kai dai rufa mata asiri kake yi. Ta ga ta yi ɓaranɓarama ne ta juya maganar."

Ni kuwa ko ɗar ban yi ba. Matar da a safiyar ranar ta jero mini duk sunan da ban je ba da duk gaisuwar mutuwar da na tsallake tun bara, har da wanda ya kawo mata ƙarata, ba ita za a ce ta ruɗe ba. Na ce wa Yaya in dai furen nan yana ƙasar Jigawa, zan kawo shi tsakar gidan nan kafin ya zo da motarsa. Ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa yaro.

Ina da wani abokina da yake hawa dutse duk ƙarshen mako don motsa jiki, ya daɗe yana yi mini gorin tumbi. Da na ce masa zan bi shi sai da ya tambaya ko likita ne ya tsorata ni. Muka fara da garin su Inna, wani ɗan ƙauye a gindin duwatsun Dutse inda aka haife ta. Ashe gari ya riga ya cinye shi. Sai gidajen bulo da masu fasa dutse, babu ko mutum ɗaya na zamaninta da zan tambaya. Masu fasa dutsen da na ce musu ina neman hatsin manoma, kasuwa suka nuna mini.

Hawan farko da takalmin ofis na yi shi. Dutsen ya sha ruwa, santsi kamar an shafa masa sabulu, rabin saukowar da mazaunai na yi ta. Abokina yana gaba yana tsalle daga wannan dutse zuwa wancan, ni ina baya ina haki ina cire ƙaya daga wando. Amma na fara ganin abin da ban taɓa lura da shi ba duk zamana a garin. A kowane tsagi da ƙasa ta maƙale akwai abin da ya tsiro, wani da ɗan fure ruwan ɗorawa, wani shuɗi ƙanƙane wanda sai ka durƙusa za ka gan shi. Daga sama kana hango dabinai da rufin gari, da gonakin da aka share ana jiran ruwa ya zauna. Fari mai ƙamshi dai ban gani ba.

A wani hawan muka tarar da kwari tsakanin duwatsu inda ruwa yake kwanciya, ga wani fure babba, fari, gwanin kyau. Na ce shi ke nan, an gama. Na tumɓuko shi na kama hanyar Ringim ina jin kaina, na ajiye shi a gaban Inna ina jiran a sa mini albarka. Ta ɗauka ta juya shi, sai ta fashe da dariya har da tari.

"Wannan ai albasar kwaɗi ce. Ba ka ga jan layi a jikinsa ba? Wai da yaushe kuke hawa dutsen?"

Na ce da hantsi, don ni ba na fita sai na sha koko da ƙosai.

"To ai ko a kansa ka taka ba za ka gane shi ba. Shi da rana barci yake yi. Sai yamma ta yi sanyi yake buɗewa, kafin hantsin gobe ya langaɓe. Kuma me ya kai ka can sama, kai rema ne mai kwana a kogon dutse? Ka duba ƙasa-ƙasa, inda yashi ya taru tsakanin duwatsu. Kuma sai an yi ruwa ya kwana biyu."

Na tambaye ta me ya sa ake ce masa hatsin manoma. Ta ce su dai haka suka taso suka ji, in ya fito manoma sun san lokacin fitar da iri ya yi. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ce, "Na ji abin da ake shiryawa. Bangon zaure ba shi da kauri." Ta tashi ta je ba awaki dusa. Ranar na koma Dutse zuciyata a dagule.

Daga nan sai ruwa ya ɗauke. Wata yana ta tafiya, sama fes. Ban jin akwai manomin da ya kai ni duban gabas a kwanakin nan. Abokan aiki har sun fara tambaya ko gona na saya. Sai da ƙarshen wata ya matso sosai aka wayi gari da hadari, aka yi ruwa mai kyau. Na bari ya kwana biyu kamar yadda ta ce, muka tashi daga aiki muka yi la'asar, muka nufi bayan duwatsun da wani tsohon bokitin fenti a hannuna.

Wannan karon ba mu hau sama ba, zagaye muka yi ta yi a gindi. Rana ta yi ja, abokina ya fara cewa mu juya kada magariba ta same mu a jeji. Sai na ji ƙamshi. Ba irin na turaren kanti ba, wani sanyi-sanyi ne da shi, yana zuwa yana ɗaukewa. Na bi shi na zagaya wani ƙaton dutse, sai ga su a wani ɗan fili mai yashi, farare tas, kowane a kan siririn kara, bakinsa a buɗe kamar mazurari da 'yan siraran fukafukai kewaye da shi. Ganyen kamar na albasa, 'yan kaɗan ne ma. Da safe mun sha wucewa ta wurin nan.

Na zauna a ƙasa na yi hamdala. Abokina ya ciro waya ya ce mu ɗauki hoto mu tura. Na ce a'a. Idon Inna ba ya ganin waya sosai, Yaya kuma cewa zai yi farin fure ai ko'ina akwai. Na zaɓi waɗanda ba su buɗe ba tukuna, na haƙo su da albasarsu da yashinsu na jera a bokiti. Na kira Yaya na ce ya zo Ringim gobe. Ya ce to, dama lokaci ya yi, zai taho da motar gaba ɗaya.

Washegari bayan azahar na dire bokitin a tsakar gida. Gaskiya ba shi da wani kwarjini. Tsiro ne kore da 'yan kawuna a rufe, ya sha jijjigar hanya. Yaya ya leƙa ya ce, "Wannan ciyawar ce ka tara mu a kanta?"

Inna ta sa hannu ta shafa ganyen. Sannan ta ce, "Shi ne. Auta, gaya wa wancan ya nemi wuri ya zauna. In rana ta sauka bayan katanga zai buɗe. Wannan mai kumburin shi zai riga."

Muka yi la'asar muka dawo muka zauna, manya da mu, muna gadin bokiti. Aikina shi ne korar awaki, don Inna ta ce in suka ci zai yi musu illa. Ban taɓa shakkar hankalinta ba, amma a zaman nan na yi shakkar furen. Na ce a raina in wahalar hanya ta hana shi buɗewa fa? Yaya yana ta duba agogo, makullin mota a hannunsa. Ita kuwa ta ci gaba da jan carbinta kamar ba a kanta ake zaman ba.

Rana ta sauka bayan katanga. Sai wanda ta nuna ɗin ya tsage ta gefe, fari ya leƙo. Muna kallo ya ɗan motsa, fukafukan suka saki ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe gaba ɗaya. Kafin a kira magariba na kusa da shi ma ya bi, ƙamshi ya cika tsakar gidan.

Yaya ya taso da babbar rigarsa ya tsuguna a gaban bokitin. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ba ta kalle shi ba, ni ta kalla. "Auta, gaya masa na yafe. Kuma tunda yanzu an yarda da hankalina nake magana, ya buɗe kunne ya ji. Gwiwoyina sun gaji, jan ruwa ya fara fin ƙarfina, na san da haka tun kafin ku sani. Zan je Kano. Amma sai bayan kaka, kuma ni zan faɗi rana. Awakina ba za a kai su kasuwa ba, na san wadda zan ba kiwo. Kuma ɗakin ƙasa nake so, ba na hawa bene."

Na buɗe baki zan maimaita masa kamar yadda aka saba, ya ce, "Na ji, Auta. Duk na ji." Ya koma Kano da motar babu kowa a baya.

Na daɗe ina tunanin wannan yammar. Ni duk a zatona ina hawa dutse ne don kada a raba Inna da gidanta. Ashe ba gidan ne ya fi damunta ba. Abin da ya yi mata ciwo shi ne a zauna a zaure a yanke yadda za a yi da ita, tana ciki tana ji. Tun daga lokacin, in tsoho ya faɗi abin da ban gane ba, sai in fara ɗauka cewa ni ne ban sani ba, in tambaye shi a hankali, kuma ba a gaban mutane ba. Har yau in aka yi ruwan fari nakan je bayan duwatsun nan da yamma, wata shekara in same su, wata in dawo haka nan.

Inna ta yi sauran shekarunta a Kano, Allah ya jiƙanta, kuma har ta koma ga Mahaliccinta babu abin da aka sake yankewa a kanta ba tare da an durƙusa an tambaye ta ba. Ranar da za ta bar Ringim, bayan an gama kaka, ita ta aika aka kira mu. Ta zagaya gidan ta yi sallama da maƙwabta, ta ja ƙofa ta kulle da hannunta, ta ɗaure makullin a bakin zaninta. Muna tsaye mu biyu a gefen mota, babu wanda ya miƙa hannu ya karɓa.