Ruwan Jego Daga Wankan Bayi

Wata Laraba cikin bazarar 1983, shekarar da wuta ta cinye daji har doya ta ƙone a ƙasa, aka ɗaura mini igiya a ƙugu aka zura ni rijiya. Shekarata tara ko goma, ba wanda ya rubuta. Yayana Fuseini ne ya riƙe igiyar, Kaka, uwar Innarmu, tana durƙushe a baki. Bakin ƙarami ne, babba ba ya shiga, shi ya sa aka zaɓe ni. Ina sauka sama tana tsukewa, har ta koma kamar bakin ludayi. Wani abu ya gudu ta bayan wuyana. Ban yi kuka ba, don an ce kuka yana zubo da ƙasa a kan mutum.

Salaga garin rijiyoyi ne. In mun je itace ko tsintar kaɗanya, da sanda muke taɓa ƙasa kafin mu taka, don ciyawa tana rufe tsofaffin ramuka, akuya takan faɗa a rasa ta. Amma na bayan gari, inda ake kira Wankan Bayi, Kaka ta hana mu ko kallon wajen. Ni ban ji komai a sunan ba. A gidanmu bayi shi ne zagayen zana inda ake wanka da fitsari. Na ɗauka makewayin mutanen dā ne, ƙazanta take guje mana.

Haihuwa ce ta kai mu. Inna ta sauka cikin wannan fari, Baba ya tafi Yendi neman hatsi bai dawo ba. Mai jego sai da tafasasshen ruwa safe da yamma, in ba haka ba sanyi ya shige ta, ta kumbura, wata ma ba ta tashi. Rijiyar unguwa ta ƙafe. Kaka ta danna ƙafar Inna da yatsa, ramin ya zauna bai ciko ba. Ta ɗauki tulu ta ce mu biyo ta.

A ƙasan rijiyar laka ce kawai. Sai ka tona da sakaina, ka jira ruwa ya tsatso, ka kwarfa a guga. Ina tono hannuna ya bugi ƙarfe. Zobe biyu ne haɗe da sanda, duk tsatsa. Na ce dabaibayin jaki ne, maƙeri zai yi mana lauje da shi. Na sa a guga na ja igiya.

Da aka fito da ni, na tarar Kaka ta riƙe shi da bakin zanenta.

"Memuna, mayar da shi inda kika same shi."

"Kaka, na jaki ne fa."

"Wane jaki ne mai ƙafa haka?" Ta gwada zoben a idon sawuna, ya yi daidai. "A nan aka yi wa uwata wanka. Aka shafe ta da man kaɗe don ta yi sheƙi, aka kora su, ita da sauran, zuwa gindin kukar kasuwa. Tsayinku ɗaya."

Sai a lokacin sunan ya shiga kunnena. Bayi, mutane. Fuseini ya ce a jefa daga sama mana, kada a sake zura yarinyar nan. Kaka ta ce, "An jefar da su sau ɗaya, ya isa."

Saukar farko duhu nake tsoro. Ta biyu ban san sunan abin ba. Wurin mutum ɗaya ne, amma na ji kamar mun yi yawa. Na tona gefe na binne ƙarfen, na fara Fatiha ta ɓace mini a tsakiya, na sake. Fitsari ya zubo mini ban sani ba. Na so in ja igiya, sai na tuna ƙafar Inna. Na zauna har ruwa ya tsatso, na cika guga.

Haka na yi ta sauka har Inna ta gama jego. Kumburin ƙafarta ya sauka, jaririyar ta rayu. Tsoron bai ragu ba ko rana ɗaya. Kaka ta ce maganar ta tsaya a bakinmu, don a Salaga ba a tambayar mutum ta wace hanya kakansa ya shigo gari.

Yanzu an kafa allo a wurin. Baƙi suna zuwa daga ƙetaren teku, su yi kuka, su ɗauki hoto, samari suna yi musu bayani da Turancin da ba na ji. Jaririyar tana aure a Bawku, har tana da 'ya'ya, ba ta san ruwan da aka fara yi mata wanka da shi ba. Kaka ta rasu, Fuseini ya bi ta. Ina so a ce akwai ko mutum ɗaya da zan kalla in an ambaci wurin, ya sunkuyar da kai tare da ni. Sunan uwar Kaka ma ban tambaya ba.