Kwabban Tsoho Fok

Duk wanda ya san Tsoho Fok zai ce maka mutum ne mai tsamin rai, ni ma ba zan musa ba. Fok Yiu-tong sunansa. Ƙuruciyarsa ta ƙare a ɗaurin igiyar jirgin fito tsakanin Kowloon da tsibirin Hong Kong, ya yi ritaya da gwiwa mai ciwo da tarin kwabbai, wato tsofaffin santi ɗaya na tagulla da aka daina kashewa a Hong Kong tun zamanin iyayenmu.

Ta wajen kwabban na san shi. Mu 'yan tsiraru ne, tsofaffin da ba su da aikin yi, kowace Lahadi muna tare teburin lungu a wani gidan shayi na unguwar Sham Shui Po har mai wurin ya fara harararmu. Muna da gwangwanin biskit da ke zagayawa gida-gida. In ya zo hannunka, ka ɗauki kwabon da ba ka da shi, ka zuba wanda kake da biyunsa. Dokarmu ɗaya ce: ba a wanke kwabo. Duhun da shekaru suka shafa masa shi ne mutuncinsa, wanda aka goge kuwa gawa ce a idonmu, ko da yana ƙyalli. Fok ne ɗan sandan wannan doka. Sai ya kai kwabo hanci ya shinshina, ya tambayi wane marar kunya ne ya yi wa kakansa wanka.

Dokar nan ce ta ci gidansa. Wata shekara, ranar babbar sharar da ake yi gab da sabuwar shekara, yana bakin aiki, matarsa Lai-kuen ta gama wanke tagogi da tukwane, idonta ya faɗa kan kwabbansa baƙi ƙirin. Ta ga bai dace mijinta ya shiga sabuwar shekara da dauɗa ba. Ta yini tana goge su da lemon tsami da gishiri, ta jera su a kan jan ƙyalle, ta zauna tana jiran yabo. Da ya shigo ya gani, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ke duk abin da hannunki ya taɓa sai ya mutu."

Ya faɗi haka a lokacin da ko yara ake hana su ambaton mutuwa, kuma ga matar da ta binne jaririnta ɗaya tilo. Ta naɗe ƙyallen, ta ɗora tuwon shinkafar sabuwar shekara kamar yadda ta saba. Daga ranar ba ta ƙara taɓa kayansa ba, in tana shara sai ta kewaye teburinsa. Magana zarar bunu ce. Fok ya sani, amma bakinsa ya yi nauyi. Ya saya mata keken ɗinki, ya saya mata 'yan kunne, haƙuri ne kawai bai taɓa ba ta ba. Da taimakon gwangwani ya sake gina tarinsa. Kwabo ɗaya ne ya tsira daga na farko, mai hoton kan tsohuwar sarauniyar Turawa, don yana aljihunsa ran nan.

Da tsufa ya zo, ciwon mantuwa ya kama Lai-kuen. Ta manta hanyar kasuwa, ta manta sunan ƙanwarta, daga baya fuskar mijin ma ta ɓace mata. Ranar sharar ce kaɗai ta ƙi fita daga ranta. Da ta ji motsin makulli a ƙofa sai ta ɓoye hannuwanta a baya. Burin Fok a duniya ya koma abu guda, matarsa ta ji daga bakinsa cewa ba ta yi laifi ba, kafin ƙasa ta rufe idon ɗayansu.

Mu ba mu san wainar da ake toyawa ba, sai ranar da Szeto mai gyaran agogo ya buɗe gwangwani ya tarar da kwabbai jajur suna sheƙi. Daga hannun Fok gwangwanin ya fito. Szeto, da ya daɗe yana haƙonsa, ya ɗaga ɗaya sama ya ce, "Ɗan sanda, yau kai ne a hannu? Ko tsufa ne ya mai da kai wanzamin kwabo?"

Mun gyara zama mu sha dariya, sai muka ga mutumin ya sunkuyar da kai. Ya ba mu labarin duka, har da maganar da ya faɗa mata, bai rage ko harafi ba. Ya ce yanzu kullum yakan miƙa mata kwabo da lemon tsami ya roƙe ta ta goge masa, lokacin ne kawai hannuwanta ke fitowa. Nasa sun kusa ƙarewa, shi ya sa ya yi musaya da na gwangwani, ya san kuma sata ce. Shayinmu ya huce ba wanda ya kurɓa. Szeto ya zazzage aljihunsa cikin gwangwanin yana gunagunin dama waɗannan ba su da kyau. Ni ma na zuba nawa.

Ni na kai masa gwangwanin gida a mako na gaba. Na sami Lai-kuen a bakin taga, ta rame kamar tsinke, ga farantin gishiri a gabanta. Fok bai buɗe gwangwanin ba. Hannu ya sa a aljihu ya fito da mai kan sarauniya, wanda ko mu bai taɓa bari mun riƙe ba. Ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya kira ta da sunanta na gida ya ce, "Ah Kuen, wannan ne ya rage ran nan. Ki gama aikinki. Kin kyauta, ni ne na yi laifi."

Ta karɓa, ta goge shi a tsanake tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi, har ya yi ja. Ta dube shi da fara'ar da ake yi wa baƙon kirki, ta danna masa kwabon a tafin hannu, ta rufe yatsunsa da nata. Sannan ta waiga wajen ƙofa, ta rage murya.

"Malam, kana da kirki. Amma don Allah kada ka gaya wa mijina."

Fok ya daɗe a durƙushe, hannunta a kan nasa.

"Ba zan gaya masa ba," in ji shi.